Tambaya da Amsa: Cocin da Aka Tono Daga Ƙarƙashin Kwalta

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu guda: aikin tonon kufai da aka fara a 2020 a garin Williamsburg na jihar Virginia ta Amurka, a filin da tsohon cocin baƙar fata mai suna First Baptist ya taɓa tsayawa. Mun zaɓi guda shida.

Tambaya: Na ji an ce an gano coci a ƙarƙashin wurin ajiye motoci. Ta yaya wurin ibadar da jama'arsa ke raye zai ɓace har sai an tono shi? — Wani malamin makaranta, Katsina

Malam, ba ɓacewa ya yi ba, rufe shi aka yi. Jama'ar cocin suna lissafin kafuwarsu daga 1776, lokacin da bayi da 'yantattun baƙar fata ke haɗuwa a ɓoye cikin daji a wajen gari, domin dokar Virginia ta hana bayi taruwa ba da izini ba. Jagoransu da aka fi sani shi ne Gowan Pamphlet, wanda ya yi wa'azi yana bawa, bai sami 'yanci ba sai 1793. A shekarar ne kuma ƙungiyar cocin Baptist ta yankin ta karɓi jama'arsa, su kusan 500. Ruwayar cocin ta ce wani Bature mai suna Jesse Cole ne ya ba su wuri a titin Nassau cikin gari, kuma takardun haraji na 1818 sun ambaci ɗakin taron Baptist a wannan fili. Guguwa ta rushe ginin a 1834. A 1856 suka ɗora babban coci na jan bulo a wurin, ya yi kusan shekara ɗari yana aiki.

Abin da ya ci shi, abin mamaki, aikin adana tarihi ne. Tun 1926 attajiri John D. Rockefeller ƙarami ya zuba kuɗi don a mayar da tsakiyar Williamsburg kamar yadda take a ƙarni na 18, aka kafa gidauniyar Colonial Williamsburg. Duk ginin da bai dace da wannan hoto ba sai a saye a rushe. Cocin 1856 ya faɗa cikin wannan rukuni: gidauniyar ta saye shi, aka rushe a tsakiyar shekarun 1950, jama'ar suka koma sabon gini a titin Scotland a 1956, sannan a 1965 aka malala kwalta a filin. An yi haka a garin da fiye da rabin mazaunansa baƙar fata ne a ƙidayar 1775. Sai a 2020 gidauniyar ta dawo, tare da shugabannin cocin, aka ɗaga kwaltar.

Tambaya: Ina karatun tarihi, amma ban taɓa ganin yadda ake wannan aiki ba. Daga ina ake farawa, kuma me ya sa ba a sa katafila a gama cikin mako guda? — Wata ɗaliba, Zariya

'Yar'uwa, riƙe wannan tukuna: tono ɓarna ne. Ƙasar da aka kwashe ba ta komawa yadda take, don haka abin da ba a rubuta ba, ba a zana ba, ba a ɗauki hotonsa ba kafin a ɗaga shi, ya tafi ke nan. Duk tsarin aikin daga nan ya samo asali.

Ana farawa da takardu da bakin mutane: takardun mallakar fili, rajistar haraji, tsofaffin taswirori, littafin zaman shawarar coci, hotuna, da hirar dattawa. A Williamsburg akwai ma rahoton wani ɗan tono da aka yi a 1957, wanda ya nuna inda wasu harsasai suke.

Daga nan sai na'urar rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa. Ana tura ta a layi-layi, tana aika igiyar rediyo cikin ƙasa tana karɓar abin da ya dawo. Eriya mai ƙarfin megahas 400 ita aka fi amfani da ita a maƙabarta, tana kaiwa mita biyu zuwa uku idan ƙasar mai yashi ce. Tazarar layi da layi santimita 25 zuwa 50. Wanda ya buɗa ta zuwa mita ɗaya don ya gama da wuri zai tsallake kaburburan yara. Kuma tunda kaburburan Kirista a can galibi daga gabas zuwa yamma suke kwance, ana jan layukan daga kudu zuwa arewa don su ratsa kabarin ta faɗinsa. Inda na'urar ke yaudara: jiƙaƙƙen yumɓu yana shanye igiyar, saiwar itace da tsohon bututun ruwa kuma suna fitowa kamar kabari. Hoton rada zato ne mai ƙarfi, tabbaci sai an gani da ido.

Katafila tana da wurinta, amma ɗan kaɗan. Ita ke ɗaga kwalta da tsakuwar da ke ƙarƙashinta, da bokiti marar haƙora, mai binciken kufai na tsaye a kanta yana duban launin ƙasa. Da zarar an iso tsohuwar ƙasa sai a sallame ta. Sai a kafa alama guda da ba ta motsi, wadda daga ita ake auna kowane tsawo da zurfi, a ja igiya a raba filin murabba'i-murabba'i, yawanci mita ɗaya-ɗaya, kowanne da lambarsa.

Ana kankare ƙasar da cokalin magina da shebur mai faɗin baki, shimfiɗa bayan shimfiɗa. Launi da laushin ƙasar ne ke faɗin inda wata shimfiɗa ta ƙare wata ta fara. Kowace tana da lamba da takarda da jakarta. Ƙasar da aka kwasa ana tace ta a rariyar waya mai ido milimita 6. Ta wuri mai muhimmanci, kamar ƙarƙashin daɓen coci, ana wanke ta da ruwa a rariya mai ƙananan ido, domin duwatsun ado da ƙananan allurai suna zurarewa ta babbar. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su ga abu ya leƙo su zare shi. Ana barinsa a inda yake har a kankare kewayensa a san cikin wace shimfiɗa yake kwance. Na biyu shi ne haɗa kayan shimfiɗa biyu a jaka ɗaya. Ƙusa guda ta 1890 da ta faɗa jakar 1810 ta isa ta lalata lissafin duka.

Aikin ɗakin bincike ya fi na fili cin lokaci nesa ba kusa ba. Tangaran da kwalba ana wanke su da buroshi mai laushi. Ƙarfe ba a sa masa ruwa haka kawai: ana ɗaukar hotonsa da na'urar hoton ƙashi don a ga siffarsa cikin tsatsa, a jiƙa shi a ruwan magani na tsawon watanni don gishirin da ya shige shi ya fita, sannan a busar a ajiye inda babu laima. Wanda aka jefa a kwali ba a yi masa haka ba, bayan 'yan shekaru gari za a tarar.

Tambaya: Sun ce harsashin da suka gano na farkon shekarun 1800 ne. Bulo ai ba ya ɗauke da kwanan wata. Da me suka dogara? — Wani magini, Maraɗi

Maigida, ka fi kowa sanin rabin amsar. Kafin a ɗora harsashi ana haƙa rami, bayan an ɗora a mayar da ƙasa a gefensa. Duk abin da ya faɗa cikin wannan ciko ya riga ginin zuwa duniya. Ƙa'idar ita ce: shimfiɗar ƙasa ba za ta girmi abu mafi ƙuruciya da aka samu a cikinta ba.

A watan Oktoba na 2021 masu aikin, ƙarƙashin jagorancin Jack Gary, suka sanar da harsashin bulo mai ƙafa 16 da ƙafa 20, wato kusan mita 5 da mita 6, yana zaune a kan ƙasar da kayan cikinta na farkon ƙarni na 19 ne. Kusa da shi, a ƙarƙashin wani daɓen bulo, aka sami kwabon Amurka na santi ɗaya mai ɗauke da shekarar 1817. Kwabon bai ce an yi daɓen a 1817 ba. Cewa ya yi ba a yi shi kafin 1817 ba, domin kwabo yana iya yawo a aljihu shekara ashirin kafin ya faɗi. Da aka haɗa shi da takardar harajin 1818 mai ambaton ɗakin taro a filin, sai shaidun biyu suka tallafi juna.

Sauran shaidun ƙanana ne amma ba sa ƙarya. Ƙusar da maƙeri ya ƙera da hannu ita ce a kasuwa har wajen 1800. Daga nan wadda inji ke yankawa mai kusurwa huɗu ta karɓe. Zagayayyiyar ƙusar waya irin ta yau ba ta yaɗu ba sai wajen 1890. Tangaran ɗin Ingila mai launin madara ya fito a shekarun 1760, mai ɗan shuɗi-shuɗi a gindi wajen 1780, fari fat kuma bayan 1820. Har abin da aka ɗaure bulo da shi yana magana: tsofaffin maginan gaɓar Virginia ƙumbar teku suke ƙonawa su samu farar ƙasar kwaɓi, kuma ɓarɓashin ƙumbar yana nan a ciki. Sai kuma dokar yanka: ramin da ya yanki wani rami, shi ne ƙanen. Da ita ake jera gini na farko, da na 1856, da ramukan bututu da aka haƙa daga baya.

Girman ma ya faɗi wani abu. Ɗaki mai mita 5 da 6 ba zai ɗauki mutum ɗari biyar ba, ko kusa. Ke nan harabar ma wurin ibada ce, kuma shi ya sa aka tona kewayen ginin da irin kulawar da aka yi wa cikinsa.

Tambaya: Abin da ya dame ni shi ne kaburbura. Wa ya ba su izinin taɓa mamata? A wurinmu wannan babban al'amari ne. — Wata Hajiya, Kano

Hajiya, a wurinsu ma haka yake, kuma nan ne aikin Williamsburg ya fi cancantar a duba shi da kyau.

Gano kabari daban, buɗe shi daban. Idan aka kankare saman ƙasa, ramin kabari yana bayyana a matsayin dogon murabba'i mai gaurayen launi, saboda wanda ya haƙa shi ya cakuɗa baƙar ƙasar sama da jan yumɓun ƙasa lokacin da ya mayar. Ana iya ƙirga shi, a auna, a sa shi a taswira, ba tare da an kusanci gawar ba. Ta haka aka gano kaburbura fiye da 60 a filin, waɗanda motoci suka yi shekara sama da hamsin suna tsayawa a kansu. Dattawan cocin sun daɗe suna cewa akwai kakanninsu a wurin; ƙasar ta gaskata su.

Buɗewa kuma tana da ƙofa biyu. Ta farko doka: a Virginia ba a ɗaga ƙasusuwan mutum don bincike sai da takardar izini daga hukumar kula da kayan tarihi ta jihar. Ta biyu, wadda ta fi nauyi, yardar zuri'a. An yi ta zama da iyalan tsofaffin 'yan cocin, da gidauniyar Let Freedom Ring mai adana tarihin cocin, wadda Connie Matthews Harshaw ke shugabanta a lokacin, su ne suka ce suna son sanin su wane ne a kwance a wurin. Suka amince a buɗe guda uku kawai, da sharaɗin a mayar da kowa makwancinsa. An fara a watan Yuli na 2022. Ɗaya daga cikin ukun an sa masa alama da kwalbar da aka kifa a ƙasa.

Wannan tsari ba daga sama ya faɗo ba. A 1991 masu gina ofishin gwamnatin tarayya a New York suka ci karo da maƙabartar 'yan Afirka ta ƙarni na 18, aka riƙa kwashe ƙasusuwa cikin gaggawa ba a tambayi kowa ba, har jama'a suka tashi tsaye aka dakatar da aikin. An miƙa binciken mutum 419 ga Jami'ar Howard ƙarƙashin Michael Blakey, aka sake binne su a 2003. Blakey ya fito da ra'ayin cewa mai bincike yana da iyayen gida biyu: mai biyan kuɗin aiki, da zuri'ar mamatan, kuma idan buƙatunsu suka ci karo a kan mutuncin mamaci, maganar zuri'a ce a gaba. Shi ne kuma, da abokan aikinsa na Kwalejin William da Mary, suka duba ƙasusuwan Williamsburg.

A aikace ga yadda ake yi: ana kafa rumfa a rufe wurin daga idon 'yan kallo, ba a ɗaukar hoton ƙashi don jarida, masu aiki suna sa safar hannu da takunkumi don kada ƙwayoyin halittarsu su gauraya da na mamacin, ana kankarewa da tsinken gora da buroshi. Tun kafin a fara ake rubuta yarjejeniya: me za a gwada, nawa za a ɗiba, wa zai fara jin sakamako, yaushe za a mayar. A ganinmu aikin da ba shi da wannan takarda bai kamata a bar shi ya wuce matakin taswira ba. Sauran ɓangarorin aikin kuwa a buɗe aka yi su: filin yana tsakiyar garin da masu yawon buɗe ido ke zagayawa, lokacin tonon kowa na iya tsayawa a bakin shinge ya tambayi mai tono abin da ya samu a ranar.

Tambaya: Gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna daga ina suka fito? Ko akwai Hausawa a cikinsu? — Wani ɗan'uwa, Kumasi

Sakamakon da aka sanar a watan Afrilu na 2023 ya nuna duka ukun maza ne. A jikin ɗaya kawai, saurayi ɗan shekara 16 zuwa 18, masaniyar ƙwayoyin halitta Raquel Fleskes ta sami ƙwayoyin halitta da suka isa a karanta, kuma sun tabbatar asalinsa daga Afirka kudu da Sahara. Sauran biyun ƙasa ta cinye: ƙasar yankin mai tsami ce da laima, tana narkar da ƙashi. Shi ya sa ake neman haƙori ko ƙashin da ke kewaye da cikin kunne, wanda ya fi kowane ƙashi tauri.

Gwajin yana nuna yanki mai faɗi da dangantakar jini, amma ba ya nuna harshe ko ƙabila. Tarihi ne ke taimakawa a nan. Kaso mafi girma na waɗanda aka kai Virginia daga gaɓar Biyafara aka ɗebo su, sai yankin Kwango da Angola, kuma jihar ta haramta shigo da bayi daga waje a 1778. Wanda aka binne a titin Nassau a ƙarni na 19, akasari haifaffen Virginia ne. Hausawan da cinikin bayi na teku ya kwasa da yawa Bahia ta Brazil aka kai su a farkon ƙarni na 19, inda sunansu ya fito a yunƙurin tawayen 1807 da waɗanda suka biyo baya.

Tambaya: Bayan an gama tono, me ake yi da abin da aka samu? Muna da tsohon masallacin ƙasa a garinmu, kwamiti na son shafe shi da siminti. — Wani Alhaji, sakataren kwamitin masallaci, jihar Jigawa

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Harsashin da aka tono ba a barinsa a buɗe. Bulon da ya shekara ɗari biyu cikin laima, idan rana da ruwa da sanyin hunturu suka same shi, cikin 'yan shekaru yake marmashewa. Bayan an auna an ɗauki hoto ta kowace fuska, ana shimfiɗa masa ƙyalle mai barin ruwa ya wuce, a zuba tsabtataccen yashi, sannan ƙasa. Yashin alama ce ga duk wanda zai sake tonawa cewa ya iso. Leda ba ta yi, tana tara gumi. A Williamsburg shirin da aka yi shi ne a sake gina ɗakin taron farko a inda yake, a kuma killace maƙabartar, a daidai cikar cocin shekara 250 a 2026. Ƙararrawar cocin ta 1886 tuni aka gyara ta. Ita Shugaba Obama ya kaɗa a bikin buɗe gidan tarihin baƙar fatar Amurka a Washington a 2016.

Cocin da ke tsaye kuwa, abokin gabansa na farko ruwa ne. Asusun da ƙungiyar National Trust, mai adana tsofaffin wuraren tarihi a Amurka, ta buɗe don tsofaffin cocin baƙar fata, da tallafin dala miliyan 20 daga gidauniyar Lilly, irin aikin da yake ɗauka ke nan: rufi, magudanar ruwa, harsashi, tagogi. Tsarin gyara daga sama yake farawa. Wanda ya yi fenti kafin ya toshe yoyo ya zubar da kuɗinsa. Idan za a sake cike tsakanin tsohon bulo, da kwaɓin farar ƙasa ake yi, kusan awo ɗaya ga awo uku na yashi, bayan an ƙwaƙule tsohon zuwa zurfin da ya ninka faɗin tsagar sau biyu. Siminti ya fi tsohon bulo tauri kuma ba ya barin laima ta fita, sai ruwan ya bi ta cikin bulon, fuskarsa ta riƙa ɓarewa.

Dalilin nan shi ne amsar kwamitinku. Bangon ƙasa yana shan laima yana fitarwa. Idan aka lulluɓe shi da siminti, ruwa zai shiga ta 'yar tsaga ko ya tsotso daga ƙasa, ya rasa hanyar fita, bangon ya ruɓe a ciki alhali wajensa sumul, har ranar da zai zube gaba ɗaya. Rushewar wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya a kan masallata a watan Agusta na 2023 ta isa ta sa kowane kwamiti ya sa a duba masa gininsa, ko da me aka yi shi. Ku fara da indararo: a tabbatar kowanne yana zubar da ruwa nesa da gindin bango, ba ya yoyo ta inda ya shiga rufin. A ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya a ji ko gara ta ci, musamman kan da ya shiga bango. A gyara gangaren ƙasa ta yadda ruwa zai gudu daga ginin. Yaɓe kuma da irin ƙasar da aka yi ginin da ita, da makuba a inda ake samunta, kafin kowace damina.

Kafin a taɓa komai, a auna ginin a zana shi, a ɗauki hoton kowane bango da kowane baka, a kuma naɗi muryar dattawan da suka san wanda ya gina da inda aka binne wa. Idan haƙar harsashin faɗaɗawa ta fito da ƙashi ko tukwane ko tsohon daɓe, a tsayar da aiki, a rufe wurin da buhu da yashi, kada a zare komai. A Najeriya dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta ce ba a tonon kufai sai da izininta, don haka wasiƙarku ta farko ofishinta mafi kusa za ta nufa, ta biyu kuma sashen nazarin kufai na Jami'ar Ahmadu Bello.